Fijo 504 mai kakkarwa a silo da baƙin hayaƙi: kada ka fara da kafireto

Wa'alaikumus salam malam direba, Allah ya ƙara rufa asiri. Abin da na fahimta daga bayaninka shi ne kana da a-kori-kura Fijo 504 da kake lodi da ita daga wajen Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis, da safe tana tashi bugu ɗaya ko cok baka ja ba, amma da zarar ta ɗau zafi sai ta fara kakkarwa, in ka ɗaga ƙafa daga totur ta mutu, salansa na fidda baƙin hayaƙi, mai kuma ba ya auki kamar da. Kace ka canza fulogi sau biyu duk kafin sati sun yi baƙi, wani bakanike ya murɗa maka sukurun kafireto ta ɗan yi dama kwana biyu ta koma gidan jiya, wani lokacin in ka taka ta da lodi har atishawa take yi ta saman kafireto, yanzu kuma an ce maka kawai ka shiga Kano ka sayo wani kafireton a Ƙofar Ruwa.

To don Allah kada ka saya tukuna, kuma ka hana kowa sake ɗora sukudireba a kan sukurun nan. Ni sana'ata kenan kuma abin da ya fi ci min rai a garejinmu na ƙauye shi ne duk motar da ta yi tari sai a ce kafireto ne, a kwance shi a wanke da fetur a hura da baki a mayar, mai mota ya biya ya tafi, jibi ya dawo. Kafireto, wato abin da ke haɗa wa inji iska da mai, shi ne na ƙarshe da ake taɓawa. Dalili kuwa shi kafireto baya aiki da kansa, abin da inji ya zuƙa shi yake bayarwa, in bawul ya ƙone ko wuta bata da ƙarfi ko iska na shiga ta wani wajen da ba hanyarta ba, ko sabo dal ka ɗora daga kwali haka motar zata ci gaba da rawa, ka yi asarar kuɗinka a banza.

Ka gane wannan tukuna, sauran duk zasu zo maka da sauƙi. Injin fetur yana so ne a haɗa masa iska da mai a kan wani ma'auni, wajen kilo 14.7 na iska ga kilo ɗaya na fetur, kaga kenan iskar ita ce mai yawa nesa ba kusa ba. Kamar murhu ne, in aka cusa itace aka toshe masa iska sai hayaƙi da baƙin tukunya, in kuma itacen ya yi kaɗan iska ta yi yawa wutar bata da ƙarfi, tana ci tana mutuwa. In mai ya rinjayi iska zaka ga baƙin hayaƙi, warin ɗanyen fetur mai sa ido hawaye a bayan mota, fulogi ya yi baƙi, mota ta fi jin daɗi da sanyin safiya ta lalace in ta yi zafi. In iska ce ta rinjayi mai sai ta yi wuyar tashi da safe, tana so a ja mata cok, tana atishawa ta kafireto, tana fizga a hanya, inji yana zafi fiye da kima.

Yanzu dubi naka. Tashi bugu ɗaya ba cok, lalacewa in ta ɗau zafi, baƙin hayaƙi, duk waɗannan suna nuna mai ya yi yawa. Amma atishawar nan ta saman kafireto ba ɗabi'ar yawan mai bace, ita tafi zuwa daga ƙarancin mai, ko taimin, wato lokacin da wuta ke zuwa fulogi, da ya goce, ko bawul da baya rufewa. Shi ya sa nake zargin ko dai matsala biyu ce ta haɗu maka, ko kuma wuta ce bata da ƙarfi, domin abin da mutane da yawa basu sani ba shi ne raunin wuta ma yana baƙanta fulogi, man da ya shiga daidai ne amma bai ƙone duka ba, sai ya bar baƙi kamar an yi masa yawa. In aka matse mai a irin wannan halin an ƙara wa motar ciwo ne.

Ka fara da fulogi, su ne zasu gaya maka gaskiya tunda su ke cikin wutar. Amma ba wai ka tada mota a ƙofar gida ta yi minti biyar a silo, wato inji na aiki ba a taka totur, ka kwance ba, haka ko lafiyayyar mota sai ka ga baƙi. Ka hau kwalta ka yi tafiya mai ɗan nisa inji ya yi zafi sosai, ka tsaya ka kashe nan take, ka bari ya huce kaɗan, sannan ka kwance su ka jera a kan kwali yadda suke a jikin inji, kada ka cakuɗa su. A Fijo lamba ɗaya ita ce ta can baya wajen giyabos, ba ta gaba wajen lagireto ba kamar motocin Japan, yara da yawa a nan suke rikicewa har su juya wayoyi, kuma jerin wutarta 1-3-4-2 ne. Lafiyayyen fulogi bakinsa ruwan ƙasa ne mai haske, a bushe. In duk huɗun sun yi baƙi a bushe, ka shafa da yatsa baƙin ya biyo ka kamar gari, to abu ne da ya shafe su gaba ɗaya, wato kafireto, ko iya kilina (gidan filtar iska), ko koyil da kontak ɗin cikin distributa. In ɗaya ne ko biyu suka yi baƙi sauran lafiya, cire kafireto daga lissafi gaba ɗaya, kafireto ɗaya ne yake ciyar da su duka ba zai zaɓi silinda ɗaya ya cuce ta ba, ka nemi wayar fulogin, ko bawul, ko ring na wannan silindar. In baƙin jiƙaƙƙe ne mai maiƙo yana sheƙi, baƙin mai ne yake hawowa, kuma zaka ga hayaƙin shuɗi-shuɗi ne ba baƙi ba. In fari ne tas ko bakin ya fara cinyewa, mai ya yi kaɗan ko taimin ya yi gaba da yawa, wannan ma ya fi baƙin haɗari. Farin hayaƙi mai kauri da baya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ga ruwan lagireto na raguwa, wannan gasket ne, wata magana ce daban.

Wani abu da ya keɓanta da injin 504, fulogin suna can cikin rami ne mai zurfi ta tsakiyar murfin bawul. Kafin ka kwance ka haska tocila a ramin. Sau da yawa zaka tarar baƙin mai ya taru a ciki ya jiƙa wuyan fulogin, sai wuta ta riƙa bi ta jikin man tana tsallakewa gefe bata kai ƙasa. Ka tsane shi da tsumma a jikin waya, ka gyara inda yake yoyo. Na sha ganin motar da aka ce sai an sauke inji, ashe wannan ne kawai.

Bayan fulogi sai ka gwada ko duk silinda huɗun suna aiki. Mota na silo, ka sa filaya mai roba a hannu ka riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya kana mayarwa. Duk wadda ka zare inji ya ƙara faɗuwa, tana aiki. Wadda ka zare babu abin da ya canza, ita ce matacciya. In ka samu matacciya ka musanya fulogin da wayarta da na maƙwabciyarta, in ciwon ya bi su to su ne, in ya tsaya a wajen to cikin inji ne. Nan ne ake bukatar gejin kwamfureshin, kuma ya kamata ka nemi bakaniken da ke da shi ko da sai ka je Gumel ko Haɗeja, ya fi maka arha a kan canje-canjen kaya bisa hasashe. Ana gwadawa ne inji da zafi, an cire fulogi duka, an taka totur har ƙasa. Ba yawan lambar ne ya fi damuna ba a tsohon inji, daidaituwarsu ce, kada wata silinda ta gaza sauran da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100. In wata ta faɗi a zuba mata baƙin mai kamar cokali ɗaya ta ramin fulogi a sake gwadawa, in lambar ta tashi ring ne ya cinye, in bata motsa ba bawul ne ko gasket. In babu geji kwata-kwata, ka riƙe 'yar takarda a bakin salansa mota na silo, lafiyayyen inji turo ta yake yi waje kawai, in ka ga yana turowa yana kuma zuƙe ta ciki lokaci-lokaci, akwai bawul ɗin hayaƙi da ya ƙone ko baya zama.

Kuma yaushe rabon da a yi maka setin bawul? Wannan tambayar nake yiwa duk mai tsohuwar Fijo, yawanci sai ya yi shiru. Ana yinsa ne inji da sanyi, na shigar mai 0.10, na fitar hayaƙi 0.25 na milimita, da fila geji ba da ido ba. Masu mota suna son a matse bawul don inji ya yi shiru, alhali matsattsen bawul in ƙarfe ya ɗau zafi ya kumbura sai ya daina rufewa gaba ɗaya, daga nan kwamfureshin ya zube, mota ta fara kakkarwa daidai lokacin da ta yi zafi. Ka lura wannan ya yi daidai da abin da ka faɗa, har da atishawar. Gara ka ji 'yar ƙara caf-caf kaɗan da ka ji shiru.

Sai wuta. Buɗe murfin distributa ka duba cikinsa da kyau a rana, kana neman tsaga ko wani siririn baƙin layi kamar an ja da fensir, wannan hanyar da wuta ta yi wa kanta ce, in akwai shi murfin ya gama aiki. Duba gawayin tsakiya yana nan kuma yana da sifirin, duba bakin rota. In har yanzu kontak take amfani da shi, buɗewarsa 0.40 ne, kuma fuskokinsa su zama sumul, in ka ga ɗaya ya yi rami ɗaya ya yi tsini to kondensa ce ta gaji ko koyil ɗin ba nata bane. Akwai koyil da aka yi shi don ya yi aiki da resista, in aka ɗora shi kai tsaye a kan 12 volt zai riƙa zafi yana cinye kontak, mota ta yi lafiya da safe, da rana ta fara yankewa, in ta huce ta dawo. Ka taɓa koyil bayan tafiya, ɗumi ba laifi, amma in baka iya riƙe shi ba akwai magana. Wutar kanta ka gan ta da ido: zare wayar tsakiya daga distributa ka kusanta ta da jikin inji kamar faɗin fensir, wani ya buga, ana so a ga shuɗiya mai ƙara tas-tas, in ja ce ko rawaya siririya to rauni gareta. Da daddare kuma ka buɗe bonet a wajen da babu haske mota na aiki, in wayoyin fulogi sun tsufa da idonka zaka ga wuta na tsalle a jikinsu. Gaf ɗin fulogi 0.6 ya isa a wannan injin, kada a buɗe shi da yawa wai don wuta ta ƙaru, wahalar da koyil ne kawai.

Taimin kuma sai bayan an gama da kontak, domin duk sanda ka taɓa buɗewar kontak taimin ya motsa. In ya yi baya mota bata da ƙarfi, tana zafi, tana shan mai kamar me. In ya yi gaba da yawa zaka ji ƙarar ƙwanƙwasa in ka taka ta da lodi, kuma wajen tashi tana yi wa kik gardama. Akwai ɗan tiyo siriri daga kafireto zuwa wani ɗan gwangwani a jikin distributa, zare shi ta wajen kafireto ka zuƙa da baki, ya kamata ka ga farantin cikin distributa ya motsa kuma iskar ta riƙe a harshenka. In kana zuƙa iska na wucewa kawai, robar ciki ta fashe, kaga ka samu abu biyu a waje ɗaya, taimin baya tafiya daidai kuma iskar sata tana shiga.

Yanzu iska. Mu nan ƙurar hunturu da yashin hanyoyin cikin ƙauye ba ƙaramin abu suke yiwa iya kilina ba, kai da kake bin burji ranar kasuwa a bayan manyan motoci ka fi kowa sani. Cire filtar ka ɗaga ta saitin rana, in haske baya ratsa ta to iska ma bata ratsawa, kuma toshewar filta daidai take da ka ja cok ka manta. Gwaji mai sauƙi, tada motar ba filta na ɗan lokaci a wajen da babu ƙura, in hayaƙin ya ragu silo ya daidaita ka kama ɓarawonka. Amma don Allah kada ka ce tunda ta fi daɗi haka bari ka bar ta ba filta, ina ganin masu yin haka kuma raina yana ɓaci, yashin da zata shaƙa a wata biyu ya isa ya cinye ring da silib. Tunda ka buɗe wajen, leƙa ka ga farantin cok, in inji ya yi zafi kuma ka tura cok ciki dole ya tsaya a miƙe a buɗe gaba ɗaya. Wayar cok tana tsatsa ta maƙale, a cikin mota ka ga kamar ka mayar, a can kuma rabi a rufe yake. Wannan kaɗai yana iya kawo kusan duk abin da ka lissafa.

Ɗaya ɓangaren kuma iskar sata ce, wadda ke shiga ta ƙasan kafireto bata bi ta inda za a haɗa ta da mai ba. Wuraren da take shiga sanannu ne: gasket ɗin gindin kafireto, inda manifol ya haɗu da kan inji, babban tiyon da ke zuwa bustar birki, da ƙananan tiyo da rana ta busar suka tsage ta ƙasa inda ido baya gani. Mota na silo ka matse tiyon birki da filaya, in inji ya canza murya to can ne. Sauran wuraren ka fesa musu maganin wanke kafireto kaɗan-kaɗan, inda ka fesa inji ya canza nan ne ramin. Ka yi a hankali, nesa da distributa da salansa, da bokitin yashi kusa da kai. Ka kuma kama sandar totur ta jikin kafireto ka girgiza sama da ƙasa, in tana wasa to ramin ya cinye, iska na bi ta nan. Abin da ke faruwa a tsofaffin motocinmu shi ne iskar sata ta hana silo tsayawa, bakanike ya buɗe sukurun mai ya ƙara na silo don ya rufe matsalar, sai ka samu mota mai atishawa kuma mai baƙin fulogi lokaci ɗaya. Ina kyautata zaton wani abu makamancin haka aka yi wa taka.

In duk waɗannan sun fita lafiya, to yanzu ne kafireto ya zama abin tuhuma, kuma ko a nan ba sukuru ne farko ba, obafulo ne. A cikin kafireto akwai ɗan kofi da mai ke taruwa, da fulot da ke yawo a kai, da nidil da ke rufe hanya in ya cika. In nidil ya cinye ko datti ya tokare shi ko fulot ya huje ya nutse, mai zai wuce iyakarsa ya riƙa zuba cikin inji ba tare da an nema ba. Ka tada mota ta yi zafi, ka kashe, ka leƙa maƙogwaron kafireto da tocila, in ka ga mai na ɗiga ko ciki ya jiƙe yana tururi, obafulo ne. Kada ka taɓa leƙawa inji na aiki, atishawa ɗaya zata ƙone maka fuska. Kwance murfin sama, ciro fulot ka kaɗa shi kusa da kunnenka, in ka ji ruwa na motsi a ciki ya sha mai, canza shi za a yi. Sannan ka kifa murfin yadda fulot zai danne nidil da nauyinsa, ka hura ta inda mai ke shiga, in iska ta wuce nidil baya rufewa.

Jet kuma a hura shi da iska, ba a zura masa waya ko allura. Tagulla ce mai laushi, lambar da ke jikinsa faɗin raminsa ne, a Solex in ka ga 120 to milimita 1.20 kenan. In aka yi ta sakace shi da waya har ya koma 1.30, a ido ba zaka ga komai ba, amma girman filin ramin da mai ke bi ya ƙaru da kusan kashi 17 cikin 100, kuma kullum a hanya kake biyan wannan. Shi ya sa in kafireto ya sha hannu da yawa nake cewa a canza jet da mai lamba iri ɗaya da na asali, ba a sayi kafireto gaba ɗaya ba. Sannan tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 direbobi suka shiga zuwa suna cewa a matse musu mai, a sa ƙaramin jet. Na san halin da ake ciki, wallahi na sani, amma motar lodi da aka rage wa mai fiye da kima zafi take yi, ta rasa ƙarfi ka riƙa taka ta har ƙasa, man da ka ce zaka tara ya tafi a nan, ƙarshe bawul ya ƙone. A mayar da ita yadda masu ita suka tsara shi ne mafi arha. In kafireton naka mai 'yar waya ce a gefe, wato solenoyid na silo, kunna makulli ka zare wayar ka mayar, ya kamata ka ji ƙas, in babu to shi ke hana ta silo. Inji a kashe kuma ka ja totur da hannu kana leƙawa, ya kamata ka ga siririn mai ya feso, in bai feso ba shi ya sa take shaƙewa in ka taka da sauri.

Shi wancan sukurun da aka murɗa maka, aikinsa a silo ne kawai. Da zarar ka hau hanya ka buɗe totur ba shi ke ba da mai ba, babban jet ne, saboda haka duk wanda yace zai rage maka shan mai a hanya da wannan sukurun bai faɗa maka daidai ba. Setinsa kuma sai inji ya yi zafi, cok a buɗe, filta a ɗaure. A shigar da shi a hankali har ya taɓa ƙasa, ba a ɗaure shi da ƙarfi don tsininsa yana lalacewa, a dawo da shi kamar zagaye biyu, a tada mota. Daga nan a riƙa juyawa kaɗan-kaɗan ana saurare, inda inji ya fi sauri da santsi nan ne wajensa, sai a koma ɗaya sukurun a sauke silo zuwa wajen 800 ko 900. In ka juya shi ciki da waje inji bai ko kula ba, kada ka ci gaba, hanyar silo ta toshe ko obafulo bai warke ba ko an buɗe totur da yawa.

Kada ka manta da man kansa. Mu da gidan mai ya yi mana nisa dole wani lokacin sai 'yan bumburutu, ba kuma cewa nake duk man galan gurɓatacce bane, amma jarka da ta kwana a waje da damina, ko wadda aka taɓa zuba kalanzir ko gas a ciki, tana iya ja maka. Ko gidan mai ma ba a rasa ba, ka tuna farkon 2022 da aka shigo da fetur mai yawan methanol ƙasar nan, motoci nawa ya kwantar. Zare tiyon da ke shiga kafireto ka sa a farar gora, a buga kik kaɗan, ka ajiye gorar ta natsu. Ruwa zai kwanta a ƙasa ka gan shi a rabe, tsatsar tanki ma haka. Ɗiga kaɗan a farar takarda, fetur mai kyau zai bushe bai bar komai ba, in ya bar tabon maiƙo an haɗa shi da wani abu. A wannan gwajin zaka ga ƙarfin famfon mai ma, ana so ya riƙa tunkuɗowa da ƙarfi ba ɗigo ba. Ka sa sabuwar filtar mai, irin farar nan da ake ganin ciki. In kuma mota na tafiya sai ta shaƙe, ka buɗe murfin tanki ka ji ya ja iska fuu, to numfashin tankin ne ya toshe.

Ga masu Golf da sauran motocin injekta da aka mayar kafireto, tunda na san suna da yawa, ku kula da famfon mai. Kafireto ƙarfin da yake so kaɗan ne, wajen 0.2 zuwa 0.3 na bar, famfon injekta kuma yana ba da ninkin wannan sau da yawa, in aka bar shi a tanki ba a yi masa hanyar komawa ba babu nidil ɗin da zai iya tare shi. An taɓa kawo min wata Golf da aka canza wa kafireto har biyu, muna kunna makulli tun kafin a buga kik mai ya fara malala ta maƙogwaro yana sauka kan manifol, mai motar yana tsaye yana salati. Famfo muka canza kawai. Kai ma in an taɓa cire maka famfon asali na jikin inji aka sa na lantarki, ka bincika wane iri ne aka sa. Waɗanda kuma ba a mayar ba suna nan a injekta, cire tamostat da ake yi da lalacewar sensar zafin ruwa suna sa kwamfutar motar ta ɗauka kullum inji da sanyi, ta yi ta ƙara mai.

Abu ɗaya nake roƙonka, duk abin da zaka taɓa ka taɓa shi shi kaɗai, ka gwada motar, sannan ka wuce na gaba. In ka canza kontak da filta da jet a rana ɗaya ta gyaru baka san wanne bane, in ta ƙara lalacewa ma baka san wanne bane. A yadda ka kwatanta, ni bayan duba fulogi da zan fara da farantin cok da filtar iska tunda ba sai ka kashe ko sisi ba, sai setin bawul, sai kontak da koyil, sannan fulot da nidil.

Kuma kafin ka sake yin lodi ka zaro sandar gwada baƙin mai ka shinshina. Motar da ta daɗe tana obafulo, ko wadda robar famfon fetur ɗinta ta fashe, fetur yana gangarawa cikin baƙin mai ya tsinka shi, zaka ga ya haura alama maimakon ya ragu, ya yi ruwa-ruwa yana warin fetur. In ka tarar da haka ka juye shi ka sa sabo da sabuwar filta ranar da aka gama gyaran, kuma a duba famfon, domin da irin wannan man in ka ɗora mata buhuna ka kama hanyar Maigatari da zafin rana, metal ɗin da karanshaf ke juyawa a kai ne zai fara tafiya.